Wuyan Rigar Auta

Asabar, da hantsi

Babba ya tafi da makullin shago. A gabana ya zare shi daga ƙusar bayan ƙofa, ya jefa a aljihu, ya ce, "Baba, ka ɗan huta kwana biyu." Ɗan da na haifa. Shagon da na buɗe tun ba a san za a yi shi ba.

A bayan tsohuwar kalanda nake rubuta wannan, da fensirin da nake saƙalawa a kunne. Ban taɓa zama a aji ba. Marigayiya uwar yara ce ta koya mini baƙaƙe, wai don in riƙa rubuta awon mutane kamar sauran teloli. Na koya don a zauna lafiya, amma ko sau ɗaya ban rubuta awon kowa ba. Me zan yi da takarda? Mutum ya tsaya gabana sau ɗaya na ɗora masa tef, to kafaɗarsa da hannunsa da wuyansa sun shiga kaina ke nan har ya mutu, har bayan ya mutu ma. Duk layin nan in gardama ta tashi a kan shekarar da aka kawo famfo, ko wa ya riga wani aure, shagona ake zuwa a raba ta. Ni na ɗinka rigar, na san lokacin.

Rubutun nan da nake yi, hannuna ne ba shi da aikin yi.

Asabar, da yamma

Ban manta komai ba. Gajiya ce.

Lahadi, da safe

Mun yi faɗa da Auta a kan fanka. Ita ce 'yata ta ƙarshe, tana zaune a nan tare da ni tunda mijinta aikinsa can nesa yake. A babban kanti take aiki, wurin karɓar kuɗi.

Na kashe fanka, ta kunna. Na kashe, ta kunna.

"Baba, gari kamar tanda, kai kana cikin bargo har da safa! Wallahi in ka sake kashewa a tsakar gida zan kwana."

Na ce mata sanyi ake yi, ita ce ba ta da fata. Ta dube ni irin duban da ake yi wa yaron da ya yi fitsarin kwance, ta fita. Yarinyar da ko ɗaga murya ba ta yi mini a da.

Rigarta tana nan rataye a bayan ƙofa, kusa da ƙusar da babu makulli. Rigar aiki ce fara mai kwala, na ɗinka mata watan jiya. Ban auna ta ba, don me zan auna 'yata? Da ta saka, maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa. Ta ja, ta ja, ya ƙi. Ta yi dariya ta ce, "Baba Tela ya fara tsufa." Can sai ta daina dariyar. Daga ranar ne suka fara kallona.

Litinin, bayan azahar

Mai aski ya zo. Shagonsa bango ɗaya da nawa, tare muka tsufa. Hannunsa na dama naɗe da bandeji har yanzu, da hagu ya miƙo mini gaisuwa.

Ya ce an sake wa bangon fenti, warin ma ya kusa fita. Ya ce keken ɗinki bai samu komai ba, tebur ne kawai sai an sake masa katako. Na ce masa ban tambaye shi ba.

Ya zauna ya ƙura mini ido, ya ce, "Tela, wa yake aske maka gira a bayan idona? Rabinta ya tafi. In wani wurin ka koma, ka faɗa mini in san na yi rashin kwastoma."

Na ce, "Kai da hannu ɗaya me za ka aske?"

"Ji murya! Kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Fuska kuma ta kumbura kamar ka ci gadon wani."

Mun yi dariya. Wato shi ya yi, ni na buɗe baki. Ba mu yi maganar gobarar ranar Laraba ba. Da zai tafi na so in ce masa wani abu game da hannun, kafin in haɗa maganar har ya kai bakin titi. Yanzu haka nake. Magana tana tasowa daga nesa, kamar mai tafiya cikin laka.

Talata, da magariba

Sun ɗauka barci nake yi. Babba da Auta suna tsaye a barandar ɗakina.

Shi ya ce akwai wani mai sayar da kayan waya da yake son shagon, ƙarshen wata zai shiga. Ita ta ce a bari tukuna. Ya ce, "A bari har sai ya ƙone layin duka? Da mai aski bai fasa ƙofa ba fa? Gigin tsufa ne, ki daina yaudarar kanki. Ko rigarki bai iya ɗinkawa ba."

Gigin tsufa.

Ni.

Laraba

Yau Laraba. Ban fita ba.

Alhamis, da hantsi

Matar mai burodi ta zo har gida. Za a yi wa ɗanta wata takarda, ana son shekarar haihuwarsa daidai, ita da mijinta sun kasa shiryawa. Ta ce, "Baba Tela, kai kaɗai za ka raba mu. Kafin ambaliyar nan da ta cinye gada aka haife shi, ko bayanta?"

Na san na sani. Ni na ɗinka wa yaron rigarsa ta farko, shuɗiya ce. Na ga rigar a idona. Na juya in ɗauko shekarar inda take ajiye kullum, sai na tarar da wurin wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share.

Ta jira. Na jira. Ta ce, "Ba komai Baba, Allah ya ƙara sauƙi," ta ja ƙofa a hankali kamar mai fita daga ɗakin gawa.

Hannuna yana sanyi. Ban taɓa

Alhamis, da la'asar

Na ce wa Auta in tana son zuwa asibitin nan da take ta naci, to in raka ta. Ta ce, "To Baba, ka raka ni."

Litinin, bayan mun dawo

Likitar yarinya ce, ko Auta ta girme ta. Na ce a kira mini babban. Ta ce, "Baba, yau ni ce babban, sai haƙuri." Babba ya sunkuyar da kai don kunya, ni ban ji kunyar komai ba.

Na zaci za ta tambaye ni sunan wata da sunan 'ya'yana, irin tambayar da ake yi wa wanda aka yanke wa hukunci. Ta yi su, amma ba ta tsaya nan ba. Tana tambaya kamar wadda ta kwana a gidanmu. Kana jin sanyi lokacin da kowa yake gumi? Barci yana ɗauke ka a zaune? Bayan gida yana wuya? Fata tana bushewa? Takalmi ya matse? Na dubi Auta, na ce, "Ke kika faɗa mata." Ta rantse ba ita ba ce.

Ta zagaya bayana ta dafa wuyana da yatsu, ta ce in haɗiye yawu. Ta ƙwanƙwasa mini bayan idon sawu da wata 'yar guduma, ƙafar ta motsa ta koma a hankali kamar mai jin nauyin kanta. Ta ce a ɗebi jini.

Babba ya ce, "Likita, ba tsufa ba ne kawai?"

Ta ce, "Yana iya zama. Bari jini ya yi magana tukuna."

Shekara da shekaru ni nake ɗora wa mutane tef. Yau ni aka auna, ban ji daɗi ba.

Talata

Sanyi. Fanka. Sanyi.

Alhamis, da yamma

Sakamako ya fito. Likita ta juyo mana da takardar, ta nuna wata lamba da biro, ta ce wannan ta hau sosai, ta wuce inda ake so nesa ba kusa ba.

Na gyara zama. Na dubi Babba na ce, "Ka ji ko? Ta hau. Sai ka ba ni makullina."

Likita ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Baba, ba jarrabawa ba ce. Ka taɓa riƙe ma'aikaci a shago?" Na ce ba adadi. Ta ce, "To a gaban wuya akwai wani ɗan nama, aikinsa ya riƙa sakin wani sinadari cikin jini, shi yake hura wa jiki wuta. Zuciya, ciki, fata, ƙwaƙwalwa, duk da shi suke tafiya. A cikin kai kuma akwai maigidansa da yake ba shi umarni. In ma'aikacin ya yi barci a kan aiki, maigida me zai yi?" Na ce ihu. Ta ce, "Wannan lambar ihun maigida ce. Naka ya daɗe yana ihu, ba a amsa masa."

Barci a kan aiki. Ban ɗaga ido na dubi kowa ba.

Na ce, wannan ai ciwon maƙoƙo take nufi, ni kuwa ga wuyana lafiya lau, babu ƙullutu. Ta ce wurin ɗaya ne, amma ba kowa yake kumbura ba. Wani ya kumbura, wani ya lafe shiru.

Auta ta ce, "Likita, to kan nasa zai dawo?"

Ta ce, "Da yawa yakan dawo in wannan ne sanadi. Ban ce duka ba, ban kuma ce gobe ba."

Na miƙa hannu a ba ni maganin. Ta ce a'a, sai an duba wani abu tukuna, a saman ƙoda. Ƙoda! Ƙoda ce ta ɗauke ƙanena. Ta ga fuskata ta ce ba ƙodar ba, wasu 'yan ƙananan abubuwa ne zaune a kanta kamar hula, su suke riƙe mutum in jiki ya shiga wahala. Wani lokaci su ma sukan gaza tare da na wuyan, in kuwa aka hura wa jiki wuta alhali sun gaza, mutum yana iya faɗuwa. Shi ya sa ake fara duba su. Kuma jinin da sassafe ake ɗauka, don lokacin ne suke kan aikinsu.

Ashe cikin mutum ma'aikata ne fal, kowa da lokacin fitowarsa, ni da nake maigidan ban san ko ɗaya ba.

Juma'a, da sassafe

Sun sake ɗiban jini. Na ce wa mai allurar ta bar mini na komawa gida.

Lahadi

Na gwada kiran awon uwar yara, kamar yadda nake yi kowace safiya tun da ta tafi. Kafaɗa ta zo. Hannu ya zo. Daga nan shiru.

Ban manta ba. Likita ta ce barci ne.

In barcin ya ƙi ƙarewa fa?

Talata, da azahar

Hulunan ƙoda lafiyarsu ƙalau. Auta ta fashe da kuka a gaban mutane, na ce mata ta rufa mini asiri.

Sai ga maganin. Na buɗe tafin hannu ina jiran abin kirki, aka ɗora mini wata 'yar ƙwaya, maɓallin rigar jariri ma ya fi ta girma. Na ce wannan ce za ta tashi wanda ihu bai tasa ba? Likita ta ce da kaɗan ake fara wa tsofaffi saboda zuciya, a riƙa ƙarawa a hankali. Kullum da safe, da ruwa zalla, ciki babu komai, kuma in dakata da shayi sai can an jima, musamman mai madara.

Na ce tun da nake ban taɓa jin an sha magani ciki babu komai ba, sai dai in kashe mutum ake so. Ta ce, "Wannan kam haka yake so. Kishi gare shi, ba ya shiga tare da kowa."

Na ce har kwana nawa? Ta ce, "Har kullum, Baba."

Har kullum. An ba mai mantuwa aikin da ba a so ya manta ko da rana ɗaya.

A mota na tayar da maganar makulli. Babba ya ce zai ce wa mai kayan waya ya ƙara haƙuri har a sake gwaji bayan wasu makonni. Ya ce, "In lamba ta sauka, kuma muka ga ka dawo, sai mu duba." Mu duba. Yaron da na ɗinka wa wandon kaciya, wai zai duba.

Laraba, da safe

Na sha. Ban ji komai ba.

Asabar

Ban ji komai ba.

Talata

Ƙarya ce kawai irin ta asibiti. Na faɗa wa Auta haka. Ta ajiye mini kofin ruwa da ƙarfi har ya fantsama, ta ce, "Ka sha ko kar ka sha, ni na gaji!" Kofin shayinta kuma ya suɓuce mata ya fashe. Ta durƙusa tana tsince gilashin, hannunta yana karkarwa, tana ba ni haƙuri tana kuka.

Ta rame. Tana cin abinci kamar mai aikin gini, amma ƙashin wuyan hannunta ya fito. Kowa yana cewa damuwata ce take cinye ta. Babba ma ya faɗa mini a fuska, "Dubi yadda ka mayar da yarinyar nan." Na sha ƙwayar.

Juma'a, da la'asar

Mai aski ya kwance bandeji. Fatar wurin ta yi fari-fari. Ya ce mai kayan waya ya zo shi da Babba sun buɗe shagon, mutumin yana auna bango da taku, yana cewa nan zai sa gilashi, keken kuma a fitar da shi waje.

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce da taku? A shagona ake awo da taku? Na zage shi, na zagi gilashinsa, na haɗa da wayoyin duniya.

Mai aski ya kama ciki yana dariya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an sa wa rediyo batir! Rabon da ka zagi mutum tiryan-tiryan haka tun bara."

Bayan ya tafi na zauna ina mamaki. Maganar ba ta tsaya a hanya ba.

Litinin

Makonni sun ja, na daina lissafi. An ƙara mini ƙwayar kaɗan. Yau na farka na ga bargo a ƙasa, ni na ture shi.

Alhamis, da hantsi

Ina zaune ina jiran lokacin shayi ya yi, ba na tunanin komai, sai ga ta. Bayan ambaliya ne. Bayan ambaliya aka haifi ɗan mai burodi, don yadin rigar nan shuɗiya da kwale-kwale aka haye da shi, gefensa duk tabon ruwa, na samu da araha.

Na fita ba takalmi. Na buga musu ƙofa, na faɗa wa matar. Ta ce ai tuni an yi takardar, sun sa kafin. Na ce to a je a gyara, ƙarya ce a ciki.

A hanyar dawowa duk wanda na gani awonsa yana biyo shi kamar inuwa. Mai gyaran babur, kafaɗa kaza. Limami, hannu kaza. Na tsaya a bakin famfo na yi ta kallon mutane kamar sabon zuwa gari. Suna nan. Duk suna nan, ba wanda ya tafi.

Alhamis, da yamma

Na shigo zan rufe ƙofa, idona ya faɗa kan farar rigar.

Wuyan Auta inci sha uku da rabi. Tun da ta gama girma haka yake, ban taɓa canza shi ba.

Na sauke rigar na shimfiɗa a kan gado, na ɗauko tef daga aljihun tsohuwar rigata. Daga maɓalli zuwa ƙofarsa, sha uku da rabi. Na je igiyar shanya na ɗauko tsohuwar rigar aikinta, wadda na ɗinka shekarun baya, wadda ta yi ta sakawa lafiya. Sha uku da rabi. Zaren maɓallinta na sama ko gajiya bai yi ba, an daɗe ba a ɓalla shi ba. Ta ɗauki watanni tana yafa ɗan gyale a wuya, a wannan zafin da take kuka da shi.

Ban yi kuskure ba.

Na zauna a bakin gado. Na daɗe ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan faɗi wannan maganar. Ga ta ta zo, na rasa inda zan sa kaina.

Juma'a, da safe

Na ce mata ta zo in auna ta. Ta ce ta makara. Ta fita tana gyara gyale.

Asabar, bayan la'asar

Babba ya zo da 'ya'yan itace. Na jira suka zauna su biyu, na fito da rigunan da tef na ajiye a tebur. Na ce Auta ta tashi tsaye.

Babba ya ce, "Haba Baba, mun wuce maganar rigar nan. Kowa yana kuskure, ba wanda ya riƙe ka."

Na ce ban yi kuskure ba.

Ya dubi ƙanwarsa, ya yi ajiyar zuciya. Na san wannan kallon. Yana nufin ga shi nan, abin bai tafi ba. Ya ce a hankali, "Ka ga irin wannan nacin ne yake sa ni tsoron ba ka makullin."

Na ce, "Riƙe shi. Ka ba mai waya, ya sa gilashinsa, ya fitar da keken a yi ruwa a kansa. Na yafe. Ka bar ni in ɗora tef a wuyan 'yata sau ɗaya, in ya nuna sha uku da rabi, gobe ka kai ni duk inda ake kai masu gigi, ba zan ce uffan ba."

Babba ya juya ya dubi Auta.

Auta ta ce, "Yaya, bar shi." Ta miƙe, ta zare gyalen da kanta. Ba ta dube ni ba.

Na zagaya da tef. Fatarta zafi kamar mai zazzaɓi, ga gumi. Ƙarƙashin yatsana jijiya tana bugawa da sauri kamar keken da aka sake wa ƙafa. Na ce ta haɗiye yawu, yadda aka ce mini in yi. Wani abu mai taushi ya hau ya sauka a ƙarƙashin tef ɗin.

Sha biyar.

Na riƙe wurin da farce na miƙa wa Babba ya gani da idonsa. Ya duba tef, ya duba rigar, ya duba wuyan.

Auta ta ce, "Na ɗauka ƙiba ce." Sai ta dubi hannayenta da suka zama kamar sanda. Can ta ce, "Na ji tsoro ne, Baba. Kai ba lafiya, ni ma in ce ba lafiya? Da aka ce kai ka ɓata rigar, sai na bar shi a haka."

Na yagi gefen kalandar nan na rubuta lambobin biyu, na da da na yanzu, don a kai wa likita. Awo na farko da na taɓa rubutawa a duniya. Uwar yara, kin ci.

Asabar, da magariba

Sauran awon uwar yara ya dawo yau, har da wuya. Lamba biyu ne shi ma. Akwai kwalar da na taɓa buɗewa a shekarunta na ƙarshe.

Ba zan rubuta wannan ba.

Lahadi

Da ma ni na manta awo, ba wuya ne ya canza ba.

Laraba, bayan mun dawo

Tare aka ɗebi jininmu shekaranjiya, kujera kusa da kujera. Yau aka kira mu.

Tawa lambar ta sauko, ba ta kai gida ba amma tana hanya. Ta Auta kuwa ta yi ƙasa har kusan babu. Babba ya ce, "To ai da sauƙi, tunda ba ta hau ba." Na ce masa, "Yi shiru, ba jarrabawa ba ce. Maigida ya daina magana ne don ma'aikaci yana gudu ba birki." Likita ta ce haka ne. Nawa ya yi barci, nata ya ƙi tsayawa. Wuri ɗaya, ciwo biyu, kuma yakan bi jini, don haka Babba ma ya miƙa hannu a ɗiba. Ya ɓata fuska kamar ba shi ne mai kai mutane asibiti ba.

Ta ce na Auta yana da magani. Za a ba ta na rage gudun, da na kwantar da bugun zuciya, a ɗauki hoton wuyan, a riƙa dubawa a kai a kai. Zai ɗauki lokaci. Ta ce gara da aka zo yanzu, don zuciya ba ta son irin wannan gudun. Na tambaye ta sau biyu ko yarinyar za ta warke. Sau biyu ta ce tana sa rai sosai. Na so in tambaya na uku, Auta ta taka mini ƙafa.

Alhamis, da hantsi

Makulli yana kan ƙusa. Ban ga lokacin da aka mayar da shi ba, ba wanda ya ce mini komai. Sabon dutsen guga ma na gani a kwali a ƙasan wurin, irin mai kashe kansa in an bar shi, ba irin wanda na yi barci na bari a kunne ranar Laraba ba. Na gane saƙon. Ban ji haushi sosai ba.

Mai aski ya leƙo ya ce, "Tela, yau za a buɗe ko sai an yi maka kiɗa?" Na ce gobe.

Alhamis, bayan azahar

Auta ta samu barci a falo, rabonta da barcin rana ta ce ba ta tuna ba. Gumi ya jiƙa mata goshi.

Na kunna mata fanka, na kai ta ƙarshe. Na ɗauko bargona na lulluɓa, na zauna kusa da ita da farar rigar da reza, ina farke kwalar a hankali don kada ta farka. Zan buɗe ta zuwa sha biyar. Yadin da ya rage ba zan yanke ba, zan naɗe shi a ciki, don ranar da za a mayar da ita sha uku da rabi.